Alfarmar Gurbin Makaranta: Kujerar Wa Muke Karɓa?

Da zarar damina ta yi nisa aka sallami 'yan aji shida, hirar unguwarmu ta Nasarawo a Gombe takan koma kan abu guda: ina za a kai yaron nan? A bakin masallaci bayan Magariba, a teburin mai shayi, a gidan suna, maganar ke nan. Ni malamin firamare ne, aji shida nake koyarwa, don haka a irin wannan lokaci ƙofar gidana ba ta hutawa. Wani ya zo a cike masa fom, wani a duba masa sakamako a waya, wani kuma ya ja ni gefe ya rage murya ya ce, "Malam, ba ka san kowa a can ba?" Wannan tambaya ta ƙarshe ita ta sa na ɗauki alƙalami. Mun daɗe muna kallonta a matsayin al'ada, alhali magana ce ta halal da haram.

A takarda babu yaron da ya kamata ya rasa sakandare. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare kyauta ne, kuma dole ne. Makarantun jeka-ka-dawo na gwamnati suna nan a unguwanni. Abin da ake kokawa a kai shi ne gurbi a inda ake ganin ana karatu sosai, kuma sunayen kowa ya san su: Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke cikin gari, Kwalejin 'Yan Mata ta Doma, Kwalejin Larabci, sai na Tarayya, ta Billiri da ta 'yan mata a Bajoga, waɗanda ake shiga ta jarrabawar da hukumar NECO ke shiryawa. Wani tun aji ɗaya yake neman ƙofa, wani sai bayan jarrabawar aji uku. Ga kuma makarantun kuɗi iri-iri, daga mai ɗaki huɗu a lungu har mai motocin ɗaukar ɗalibai, ga na ƙungiyoyin addini masu haɗa boko da hadda.

Garin kuwa ya cika ya batse. Kafin 1 ga Oktoba 1996 Gombe hedikwatar ƙaramar hukuma ce a Jihar Bauchi. Da ta zama babban birnin jiha, ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwararo. Daga baya rikicin Boko Haram ya koro iyalai masu yawa daga Borno da Yobe da Adamawa, wasunsu ba su koma ba, 'ya'yansu na koyar da su a ajina. Gonakin da muka sani a bayan unguwa sun zama gidaje. Yara sun ƙaru matuƙa, kujerun kirki ba su bi sawunsu ba. Hukuma da kanta ta yarda akwai matsala, tunda a 2019 Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi.

Inda masu nema suka fi abin da ake nema yawa, a nan alfarma ke cin kasuwarta. "A yi mana hanya." "A sa mana baki." "Akwai takarda daga sama." Mai nema ba ya jin ya yi laifi, mai yi yana jin ya yi aikin lada, in an dace kuma sai a yi hamdala a ce rabon yaro ne ya tsaga.

Abin ya zo har cikin gidana. Shekarar da babbar 'yata ta gama firamare, ta zauna jarrabawar shiga wata makarantar kwana da mahaifiyarta ta ƙwallafa rai a kai. Sakamako ya fito, makinta ya gaza da ɗan kaɗan. Da daddare sai ga Hamma, yayana da ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, wanda da ribar hatsinsa ya biya mini karatu a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Gombe. Ya zauna a tabarma ya ce, "Ba ni lambar jarrabawar yarinyar nan. Gobe zan je wurin mutumina, magana ɗaya ce."

Na ce, "Hamma, ai makinta bai kai ba."

Ya ce, "To da ya kai, me zai kai ni? Ai don irin wannan rana ake sanin mutane."

Hamma ba azzalumi ba ne. Mutum ne da ba a taɓa jin ya tauye mudu ba, kuma sahun farko ba ya wuce shi. A wurinsa wannan zumunci ne tsantsa. Na roƙe shi ya ɗan ba ni lokaci. Washegari bayan Asuba, da aka tashi daga karatu a zauren malaminmu, na tsaya na kwashe labari na faɗa masa. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya ce, "Kujerun nan a ƙidaye suke?" Na ce, "A ƙidaye suke, Allah gafarta Malam." Ya ce, "An yi jarrabawa, an sa iyaka?" Na ce, "An yi." Ya ce, "To in aka rubuta sunan 'yarka, sunan 'yar wa za a goge? Je ka nemo amsar wannan, sannan ka dawo mu yi maganar hukunci."

Musulunci bai hana sa baki ba. An ma kwaɗaitar da mai faɗa-a-ji ya kashe mutuncinsa wajen biyan buƙatar wanda ba shi da murya. Amma aya ta 85 a Suratun Nisa'i ta raba ceto gida biyu, kyakkyawa da mummuna, ta kuma nuna cewa mai yin kowanne yana da kaso a abin da ya haifar. Marainiyar da ta ci jarrabawa aka tsallake sunanta, ka tsaya mata har a mayar da shi, wannan kyakkyawa ne. Ka roƙi mai makarantar kuɗi ya yi wa ɗan maƙwabcinka rangwame, shi ma kyakkyawa ne, domin daga aljihunsa zai fita, in ya so ya yi, in bai so ba ya bari. Kujerar makarantar gwamnati kuwa ba ta shugaban makaranta ba ce, ba ta darakta ba ce, ba ta ɗan majalisa ba ce. Amana ce aka damƙa musu, aka kuma faɗi ƙa'idar rabonta a bainar jama'a. Motar da ta cika a Tashar Dukku, in aka ce lallai a ba wani wuri, sai an sauke wanda ya riga ya biya kuɗinsa ya zauna. Wasu sukan ce ai ba a cire kowa, ƙara suna kawai ake yi a ƙasa. In akwai sararin ƙara mutum ɗaya, mai haƙƙinsa shi ne na gaba a layin maki. In kuma babu sarari aka tura, to an rage wa kowane yaro a ajin wani abu daga benci da gado da hankalin malami.

Duk almajiri ya san labarin matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Danginta masu daraja suka nemi Usama ɗan Zaidu ya sa baki saboda kusancinsa. Aka ƙi karɓar cetonsa, aka kuma bayyana cewa abin da ya halaka al'ummun baya shi ne sassauta wa babba da tsaurara wa mai rauni. Maganar haddi ce a can, na sani, amma cutar da aka yi gargaɗi a kanta ita ce tamu: ƙa'ida ɗaya mai fuska biyu, ɗaya ga masu uwa a gindin murhu, ɗaya ga sauran bayin Allah.

Abin da ke sauƙaƙa mana wannan aiki shi ne ba ma ganin wanda aka goge. Ba shi da fuska, ba ya zuwa ƙofar gidanmu ya yi kuka. Aikina ya sa ni ina ganin irinsu. Akwai wani yaro da na koyar, ɗan wani mai tura kurar ruwa. A bayan tsofaffin takardun jarrabawa yake yin lissafi saboda babu littafi, kuma a shekararsa babu mai ja da shi a ajin. Ranar da aka manna sunaye a bangon wata makaranta na raka su. Uban ba ya karanta boko, amma ya sa ɗan yatsa yana bin layi, yaron yana karantowa a hankali. Suka kai ƙasa, suka sake ɗaukowa daga sama. Sai uban ya cire hula ya share fuska da ita, ya ce, "Allah bai nufa ba. Mu tafi." Takardar nan sunaye ne zalla, babu maki a gaban kowane suna, babu inda aka rubuta iyakar da aka tsaya. Don haka mutumin nan ba shi da hanyar da zai gane ko ɗansa faɗuwa ya yi ko ture shi aka yi. Ya ɗauki haƙuri ya koma kan kurarsa.

Hujjar Hamma ba ƙarama ba ce, kuma ba na raina ta. Allah Ya yi umarni da sada zumunci, mu kuma a ƙasar nan da zumunci muke rayuwa. Wanda ya samu wuri ya manta da danginsa, tsinuwa yake sha, kuma sau da yawa ya cancance ta. Sai dai zumunci da abin hannunka ake yinsa. Ka ba ɗan ƙanenka kuɗinka, lokacinka, ɗakin gidanka, wannan naka ne. Abin da aka ba ka ajiya, ko haƙƙin wani da ba ya nan, kyautarsa ba ta halatta, ko da wanda za a ba mahaifiyarka ce. Haka nan haƙƙin ɗa a kan uba: wajibi ne in nema wa 'yata ilimi iyakar ƙarfina, amma babu inda aka ce wannan wajibi ya halatta mini kujerar 'yar wani. Uban waccan ma an ɗora masa irin nauyin da aka ɗora mini.

Kuma alfarma ba kasafai take tafiya ita kaɗai ba. Takan zo da buhun masara, ko ambulan "na goro", ko "a saya wa yara alawa". Ana ce masa kyauta. Wani mai karɓar zakka a zamanin Annabi, Ibnul Lutbiyya, ya dawo ya ware wani kaso ya ce shi aka ba kyauta, aka tambaye shi a bainar jama'a ko da yana zaune a gidan iyayensa kyautar za ta same shi. Wanda ke kai wa jami'i hatsi a watan Agusta ya tambayi kansa ko zai kai masa bayan ya yi ritaya. Mu mutanen Gombe ya fi kamata mu ji wannan magana, domin masarautarmu a kan tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo Modibbo Buba Yero ya kafa ta, kuma a littafinsa Kitabul Farƙi Shehu ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin halayen da ya yi tir da su. Muna alfahari da tutar, bai kamata mu riƙe abin da aka ɗaga ta don kawarwa ba.

Hujjar da ta fi ba ni wahala ita ce wadda mahaifiyar yarinyar ta kawo. Ta ce, "Malam, in ka ƙi, kana zaton ɗan talaka za a ba? Wani mai takarda ne zai ɗauka. Ka cuci 'yarka, ba ka amfani kowa ba." Wataƙila gaskiyarta. Amma a ranar hisabi kowa abin da hannunsa ya ɗauka za a tambaye shi, kuma "da ma wani zai ɗauka" magana ce da kowane mai ɗauka zai iya faɗa, har a rasa wanda ya yi laifin. Akwai dai rangwamen da malaman fiƙihu da yawa suka yi: wanda aka danne wa haƙƙinsa tabbatacce, babu hanyar karɓo shi sai ta sa baki ko ba da wani abu, zunubin yana kan wanda ya danne. Wannan rangwame na mai haƙƙi ne. Da 'yata ta ci aka cire ta, da ni zan riga Hamma zuwa wurin mutumin nasa. Mu nawa ne muke tsayawa mu duba makin yaro kafin mu ɗauki waya? Da yawanmu mun ɗauki rangwamen wanda aka zalunta mun yafa, alhali mu ne a ɗaya ɓangaren.

Sai maganar rabo, wadda da ita ake rufe kowace muhawara: rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Imani da ƙaddara rukuni ne na imani, kuma na yarda babu abin da ke samun bawa sai an rubuta. To amma malaman tauhidi sun koya mana cewa ƙaddara ba ta zama hujjar saɓo. Wanda ya ci dukiyar maraya, lomar da ta shiga cikinsa an rubuta za ta shiga, kuma za a tambaye shi a kanta. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji labarin annoba ya juya da mutane, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar take. Ke nan mutum yana da zaɓi, kuma a kan zaɓinsa ake kama shi. Idan mai kurar ruwa ya ce wa ɗansa ba rabonsa ba ne, imani ne da haƙuri, Allah Ya ba shi lada. Idan wanda ya kai takarda da dare ya faɗi haka game da yaron da aka ture, ya jingina wa Allah aikin da ya yi da hannunsa.

Akwai ma abin da ya fi wannan damuna. In da gaske mun yarda arziki na Allah ne, me ya sa muke rawar jiki kamar ƙofar makaranta ɗaya ce ke raba shi? Wanda ya sakankance cewa abin da aka rubuta wa ɗansa ba zai wuce shi ba, shi ne ya fi kowa ikon cewa a'a ga hanyar da ba ta halatta ba. Mu kuwa sai mun gama bin duk hanyoyin, sannan mu tuna da rabo.

Wani abokin aikina ya ce ai gwamnati ma alfarma take yi. Ya tuna mini jerin makin shiga kwalejojin Tarayya da ya tada ƙura a 2013, inda aka nemi 139 daga ɗan Anambara, aka nemi 58 daga ɗan Gombe. Ana iya yin gardama a kan wannan tsari, kuma mutanen kudu da dama suna yi. Amma ƙa'ida ce bayyananna, tana da tushe a tsarin mulki na 1999 da ya ce a raba dama tsakanin sassan ƙasa, kowa ya san da ita kafin ya zauna jarrabawa, wanda bai yarda ba yana da bakin ƙalubalantarta. An yi ta ne don yaron da aka bari a baya, irin na ƙauyukan Nafada ko Shongom da ya yi firamare a gindin bishiya. Idan ɗan mai hali da ya yi firamaren kuɗi ya zo da takarda ya zauna a wannan kujera, an ci amana sau biyu: an rage wa ɗan kudu don a ɗaga mai rauni, mai raunin kuma bai gani ba.

Sannan me muke zaɓa, karatu ko suna? Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin keke daga Nasarawo zuwa ɗaya gefen gari, safe da rana, ya zama lissafin da dole uba ya yi kafin ya sayi fom. Makarantar kwana kuma, duk wanda ya tuna Buni Yadi da Chibok a 2014 da Dapchi a 2018 ya san abin da ke zuciyar uwa idan ta ƙi sakin 'yarta. Na ga iyayen da suka ci bashi suka kai yaro makarantar kuɗi don kada a raina su, zango bai ƙare ba aka koro shi, ya zauna a gida yana jin kunyar fita. Shawarar da nake ba masu zuwa wurina ita ce su je makarantar da ƙafarsu a tsakiyar zango, da hantsi, ba ranar biki ba. Su leƙa aji su ga ko akwai malami a tsaye, su duba littafin wani ɗalibi su ga ko ana gyarawa, su tambayi ruwa da bayan gida, musamman in mace ce, su lissafa ko yaron zai dawo ya samu Islamiyya. Bayan shawara sai istihara. Ita kuwa istihara a kan zaɓi tsakanin halal da halal ake yinta. Ba a neman zaɓin Allah a kan ɗaukar haƙƙin wani.

Na je na samu Hamma a rumfarsa na faɗa masa na gode, amma a bar maganar. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Wato ni ne ban san Allah ba?" Na ce, "A'a, Hamma, kai ka fara kai ni makarantar allo. In za ka taimaki 'yarka, ka taimake ta da abin da yake naka." Ya ɗan jima ba ya shiga gidana, sai da Goggo ta kira mu ta sasanta. Daga baya shi ya saya mata littattafai, ya kuma ɗauki nauyin mai yi mata darasin lissafi da yamma. Yarinyar tana wata makarantar jeka-ka-dawo. Ba zan ce ta fi waɗanda suka tafi kwana samun karatu ba. Ajinsu a cunkushe yake, kuma akwai abin da ta rasa, ni da mahaifiyarta mun san haka. Gudun haƙƙin wani yana da tsada, kuma wani lokaci yaro ne ke biyan wani kaso. Na yi mata bayani da bakina, domin ya kamata ta san dalili.

Ɓarnar alfarma ba ta tsaya kan yaro ɗaya da aka ture ba. Duk mai murya a gari, da zarar ya samu ƙofar gefe, ya daina damuwa da makarantar unguwa. Ba ya zuwa taron iyaye da malamai, ba ya tambayar inda benci ya tafi, ba ya ɗaga waya ya kira kowa. Sai a bar makarantar ga waɗanda ba a jin maganarsu, ta ƙara lalacewa, baɗi kuma a ƙara rububin tserewa daga gare ta. Da masu takardar nan 'ya'yansu a can suke, da ƙarfin da suke kashewa wajen neman kujera ɗaya ya gyara aji guda.

Ina roƙon masu riƙe da amanar ilimi a jihar nan, duk inda aka yi jarrabawar ɗaukar ɗalibai, a manna sakamako da makin kowa da iyakar da aka tsaya, yadda uban da bai yi boko ba zai sa a karanta masa ya gane matsayin ɗansa. Ina roƙon limamanmu su ware huɗuba ɗaya tsakanin Yuli da Satumba a kan wannan, kamar yadda suke yi wa tauye mudu da riba. Kai kuma ɗan'uwana uba, ke 'yar'uwata uwa, kafin ku kira mutuminku a bana, ku fara duba makin yaron. In ya ci aka hana shi, ku tsaya masa da duk wanda kuka sani. In bai kai ba, ku bar wa mai kujera kujerarsa, ku zo mu haɗu a taron iyaye na makarantar unguwa.